Leda a Cefane da Ajiyar Abinci: Ta Ina Za a Fara Ragewa?

Wata uwargida daga unguwar Ɗorayi a Kano ta aiko da tambaya: "Malam, duk ranar da aka yi mana cefane sai leda ta cika mini kicin. Tuwo a leda muke naɗewa, alale a leda, ajiyar kayan abinci kuma duk a roba. Ina jin ana cewa hakan na da illa. Ta yaya zan rage, alhali ga tsadar kaya, ga wuta ba ta zama?"

Hajiya, Allah ya saka da alheri. Aikina duba-gari ne, na daɗe ina zagaya kasuwanni, mayanka da wuraren sayar da abinci a birnin nan, don haka amsar da zan ba ki ta haɗa abin da aka koya mana da abin da ido ya gane mini.

Kada ki ɗauka sai kin kwashe duk robar gidanki kin zubar. Wanda ya ce miki haka ya ɗora miki kayan da ba za ki iya ɗauka ba, kuma ba ma can matsalar ta fi tsanani ba. Bokiti mai murfi da zai yi shekaru yana riƙe miki da shinkafa daban yake, ledar da aka zuba wa ƙosai mai zafi, aka ci aka yar cikin minti goma, ita ma daban. Wuri biyu nake so ki sa wa ido: inda leda ke haɗuwa da zafi, da inda ake amfani da ita sau ɗaya a jefar. Na farkon lafiyar iyalinki ya taɓa kai tsaye, shi ya sa da shi za mu fara.

Wajen yin leda ana gauraya mata wasu sinadarai, na launi, na laushi, da na hana ta mannewa da juna. Waɗannan ba su kama jikinta gam ba, suna iya ratsawa su shiga abinci, kuma abin da ke gaggauta hakan shi ne zafi, maiƙo, tsami da daɗewa tare. Ledar da muke amfani da ita kan narke daga wajen digiri 110 zuwa 130, man da ake tuyar ƙosai ko awara kuwa yana kai digiri 170 zuwa 180. Ki lura da mai tuya da safe: tana tsamowa, mai na ɗiga, ta juye a leda, nan take ledar ta yamutse ta manne a jikin ƙosan, wani wurin ma ta ɓule. Yaro ya ƙulle bakin ya kamo hanya, tururi na ci gaba da dafa ta har gida. Baƙar leda ce ta fi damuna, domin galibi daga tsofaffin robobin da aka tsinto aka sake narkarwa ake yin ta, baƙin launin kuma ya rufe duk abin da aka cakuɗa. Ba don abinci aka yi ta ba. A ɗauko sabulu ko takalmi a ciki ba laifi, amma ban da abin da za a kai baki.

Sai tuwo, inda na san canjin zai fi yi miki nauyi. Na fahimci abin da ya sa mata suka rungumi naɗe shi a leda: ba ya bushewa, malmala ta fito sumul, rabo ya zo da sauƙi, wanke-wanke ya ragu. Dalilai ne na gaskiya, ban raina su ba. Amma ki duba tafiyar da tuwon ke yi. An kwashe shi da zafin da ya kusa na tafasasshen ruwa, an naɗe, an jera a kula an rufe, ya yi awa uku ko huɗu yana gumi a jikin leda, wani ma ya kwana a ɗumama shi da safe yana cikinta. Abin da ke shiga abinci a dare ɗaya kaɗan ne. Maimaituwar ce abin dubawa, kusan kowane dare, tun yaro na koyon cin tuwo har ya zama saurayi.

Hanyar iyayenmu tana nan ba ta ɓace ba. Ki ajiye ruwa mai tsabta a ɗan kwano kusa da ke, ki tsoma mara ki kwaso tuwon, ki juya shi a jiƙaƙƙen ƙoƙo sau biyu ko uku har ya mulmulu, ki kife a kwanon silba ko samira mai murfi. In kina gudun malmala ta manne da 'yar'uwarta, ki shafa ɗan man gyaɗa a cikin ƙoƙon. Iska ce ke sa tuwo ɓawo, to muddin murfin ya zauna daidai ba zai yi ba. Ranar da kular gidanki ta mutu za ki sayi wata, ki nemi wadda cikinta ƙarfe ne. Ta ɗara tsada, amma ba ta riƙe wari, manja kuma ba ya rina ta.

Alale ya fi tuwo muni ta wannan fuska, don shi ledar ce da kanta ake tafasawa, da manja a cikinta, kusan awa guda. Ƙananan kofunan silba sun wadatar: a shafa musu mai, a zuba ƙullun, a jera a tukunya kan ɗan ruwa, a rufe. Gwangwanin madara ya fi leda, sai dai cikinsa na da wani siririn shafe kuma yana tsatsa, da ya fara sauya kala sai a yar. Ganyen da 'yan kudu ke naɗe nasu da shi ma ana samu a Sabon Gari, har ƙamshi yake ƙara masa.

Koko, kunu, shayi, waina da miyarta, duk abin da ake saye da zafi a waje maganinsa ɗaya: wanda aka aika ya tafi da mazubi. Kofi mai murfi ko ƙaramin fulas don koko, langa don ƙosai. Da can yaro ba ya fita sayen koko hannu rabbana, kuma mai kokon yau ba za ta ƙi ba, tun da ita ma da kuɗi take sayen ledar. Kada dai a bar leda a koma tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti, an gudu ba a tsira ba ke nan, don tawadar jarida na narkewa cikin maiƙo ta bi abincin. Mai zuwa sayen tsire ko balangu ma ya riƙi kwano.

Akwai ɗabi'a guda da nake roƙon ki bari tun yau, ko da sauran sun ɗauke ki lokaci, wato hura gawayi ko itace da leda. Na sha shiga gida na tarar da uwargida ta sunkuya tana fifita, baƙin hayaƙi na shiga ƙirjinta, ga goyo a bayanta shi ma yana shaƙa. Hayaƙin roba guba ne, wasu nau'o'inta ma in aka ƙona suna fitar da dayoksin, sinadarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana iya haddasa ciwon daji. Kara, totuwar masara, ɓawon gyaɗa ko guntun kwali da ɗigon man girki duk suna kama gawayi.

To, mu leƙa kasuwa. A yawancin gidajenmu ba uwargida ke cefane ba, maigida ne, ko yaro, ko ɗan aike, saboda haka in ba ki shigo da su cikin maganar ba, ba abin da zai sauya. Ki ƙirga ledar cefane guda: tumatir da tasa, attaruhu da tasa, albasa, alayyahu, nama a ninka masa biyu, daddawa, sannan a haɗa duka a babbar leda. Takwas ke nan a fita ɗaya. Jaka guda mai ƙwari da kwando ko ƙaramin bokiti sun kashe mafi yawansu, kuma ba sai kin sayi sabuwa ba. Buhun shinkafar da ya ƙare, telan unguwa ya yanka ya sa masa hannu. Tsohuwar atamfa a ɗinka ƙananan jakunkuna masu zariya don wake, gero da barkono. Na fi son haka a kan sayen sabuwar jakar auduga, domin ita ma nomanta da saƙarta sun ci ruwa da makamashi. Wani bincike da hukumar kula da muhalli ta Ingila ta fitar a 2011 ya nuna sai an yi amfani da jakar auduga sau 131 kafin ta fi ledar kanti sauƙin illa ga yanayi. Abin da ke hannunki shi ne mafi arha, gare ki da garin baki ɗaya. Jakar kuma ta zauna inda mai cefane zai gan ta, a jikin babur, a but ɗin mota, ko a rataye a ƙusa kusa da ƙofar fita, kuma ana juye kaya a mayar da ita wurinta.

Kayan gwari su ma sun fi son kwando. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, a ƙulle alayyahu a leda daga Yankaba zuwa Ɗorayi cikin adaidaita sahu, kafin a iso ya yi gumi ya dahu. Nama da kifi ne ke buƙatar kulawa. A ware musu kwano mai murfi wanda ba a sa komai a cikinsa sai su, a wanke shi da ruwan zafi da sabulu duk lokacin da aka dawo. Ɗanyen nama ba ya shiga jakar ƙyalle, kuma jininsa kada ya taɓa latas, kabeji ko wani abin da za a ci ba dafawa. Jakar ita ma a riƙa wanke ta ana shanyawa a rana.

Mafi yawan ledar da ke shiga gidan mai ƙaramin ƙarfi ta ƙulli ce: ƙullin sukari, na gishiri, na manja, na man gyaɗa. Ba zan ce ki sayi buhu ke kaɗai ba, na san halin da ake ciki. Amma gida huɗu ko biyar na iya haɗa kuɗi, ko a yi adashe a kansa, a ɗauko buhun gero ko masara a Dawanau, na shinkafa ko sukari a Singa, jarkar manja a Galadima, a raba da kwano, kowa ta zo da mazubinta. Kowane ƙulli da ribar mai kanti a kansa, kuɗin ledar ma ke kike biya, don haka wannan sauƙi ne ga aljihu kafin ma a zo batun shara. Wadda ba ta da halin haka sai ta ware kwalba guda ta mai, yaro ya riƙa zuwa da ita kanti ana auna masa a ciki.

Batun ajiya kuma, busasshen abinci ba ya buƙatar leda, abin da yake buƙata shi ne ya bushe sosai, a rufe shi ruf. Kwalaben Bama da na zuma da gwangwanayen madarar gari da ake zubarwa, a wanke su, a shanya har su bushe ƙarau, sun isa kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji da daddawa. Gishiri a kwalba, don yana cin gwangwani. Babban haɗari shi ne a rufe hatsi ko gyaɗa da sauran danshi a jikinsu, a leda ne ko a bokiti. Nan fumfuna ke tsirowa, kuma wani nau'inta da ke son gyaɗa da masara na fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Ga yadda za ki gwada bushewar hatsi: ki zuba ɗan hatsin a busasshiyar kwalba, ki ƙara busasshen gishiri cokali biyu, ki rufe ki girgiza, ki bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar rana.

Wake ne wurin da zan ce miki ki nemi leda da kanki. Akwai buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowane ninki daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage, su mutu, ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba. In an kiyaye shi daga ɓera da abin da zai huda shi, yana yin kaka fiye da ɗaya. Ki auna wannan da abin da wasu ke yi na yayyafa wa wake maganin ƙwari, wanda yawansa a jikin waken ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta a 2015, mu kuwa muna ta ci. Ƙaramin duron ƙarfe mai murfin da ke toshewa sosai, in aka cika shi har baki, shi ma haka yake aiki.

Rashin wutar da kika ambata, akwai dabarar da ɗan ƙasar nan ya yaɗa. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya. Ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke tsatsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa, yana tafiya da zafin ciki. Tumatir, yalo, tattasai da ganye na yin kwanaki a ciki ba su yanƙwane ba. Da rani da bazara take aiki sosai, da damina iska ta riga ta cika da danshi, sanyin kan ragu. Kuma ba ta nama ba ce, ba ta dafaffen abinci ba. Lokacin da tumatirin Kadawa da Kura ya cika kasuwa ya yi araha, ki yanka ki shanya kan tabarma a bisa, ki lulluɓe da raga saboda ƙuda da ƙura, ki yi kauɗarki ki zuba a kwalba. Mai firji kuma ta kwantar da hankalinta, a sanyi ne roba ta fi ƙarancin matsala. Ta bar ƙulla miya a leda, ta bar ta ta huce a tukunya, kada dai ta wuce awa biyu a waje, sannan ta juye a mazubi mai murfi.

Ruwan leda kuwa, ba zan ce ki daina ba sai kin samu madadin da ya tsarkaka, domin kwalara da taifot sun fi leda saurin kisa. In za ki iya, ki tafasa ruwa ya yi minti guda yana ɓararraka, ko ki sa masa maganin kulorin daidai yadda aka rubuta a jikinsa, ki zuba a randa mai murfi. Raunin randa shi ne hannun da ke shiga cikinta, don haka a ware mata moɗa mai doguwar mariƙa wadda ba a sha da ita, ko a sa mata famfo a gindi. Babbar gorar ruwa ta lita 19 na ɗaukar abin da ya kusa jaka biyu ta fiya wata. Ita da jakar fiya watan duk a inuwa ake ajiye su, kuma wadda kika ga ta wuni a rana a ƙofar kanti ki wuce ta.

Robobin da za su ci gaba da zama a kicin ɗinki, ki kifa su ki duba gindinsu, za ki ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Mai lamba 5 ta fi jure zafi, sai wajen digiri 160 take narkewa, ita ce ta fi dacewa da abinci. Mai 2 ta yi daidai da ruwa da busasshen kaya. Mai 1 ita ce gorar ruwa da ta lemo, don abu mai sanyi aka yi ta, tun wajen digiri 70 take fara lanƙwashewa, saboda haka kunu ko zoɓo mai zafi ba ya shiga cikinta. Masu 3, 6 da 7 a raba su da abinci mai zafi. Lamba 6 ita ce farar robar abincin nan mai kama da soso, wadda jihar Legas ta haramta a Janairun 2024. A wajen biki da suna ma, waɗanda za su ci a nan a zuba musu a faranti, robar ɗauka a bar wa masu tafiya da shi gida.

Abin da ya sa nake nacewa a kan ledar yarwa, aikina ne ya nuna mini inda take ƙarewa. Duk lokacin da aka yi yashe kwata kafin damina, ko ranar Asabar ɗin tsaftar ƙarshen wata, abin da shebur ke fitowa da shi leda ce da gora, sun haɗu da yashi sun toshe hanyar ruwa tun daga lungu har rafin Jakara. Ruwan da ya rasa hanya shi ke shiga ɗakuna, ya jiƙa gindin katangar ƙasa, wanda ya kwanta kuma sauro ya yi ƙwai a ciki. A mayanka na ga an farka tumbin saniya an zaro dunƙulen leda baƙi ƙirin, ya murɗe da igiya da tsumma, dabbar ta rame don ba sauran wurin abinci a cikinta. Akuyar da ke yawo a unguwa, ƙamshin maiƙon da ya rage a leda ne ke sa ta haɗiye ta. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017, mu a nan kafin doka ta zo abin na hannun masu cefane.

Wadda ta riga ta shigo gida, ki rataye buhu guda a tsakar gida ana tara ledar fiya wata da goruna a bushe, ba a haɗa su da shara mai ruwa ba. 'Yan jari-bola na saye, su kai wa masu sake narkarwa. Sauran a ba masu kwashe shara, ban da ƙonawa, ban da jefawa a kwata. Sannan ki zagaya kicin ki fitar da duk robar da ta tsage, ta kankare, ta yi danƙo ko take warin da wanki ba ya fitarwa. Jarka ko gorar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari, man inji ko fetur ba ta komawa ta abinci ko an wanke ta sau nawa, domin jikin roba na tsotse su. Haka bokitin fenti, wanda mata da yawa ke jiƙa gero ko kai markaɗe a ciki: wasu fentin na ɗauke da dalma, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar yara ƙanana. A mayar da shi na wanki ko na shara, a nemi wani don abinci.